Man Zaiti Ba Man Zaitun Ba Ne

Ina fata sanyin nan bai sa kuna makara ba, domin na san akwai masu lafewa cikin bargo har sai an ɗauke shi da ƙarfi.

Kwanakin baya na je zumunci wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman rani. Wanda ya san wajen ya san sanyinsa daban ne da na birni. Ruwan da ke tahowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana bin kanal ya ratsa gonaki ko'ina, iskar hunturu kuma ta biyo ta kansa ta shigo gari. Ga ƙura, ga ƙaiƙayin shinkafa, ga hayaƙin masu turara ta. Samari suna fita ban-ruwan alkama da tumatir tun duku-duku, su dawo ƙafa a jiƙe. Duk gidan da ka shiga sai ka ji tari da jan majina.

A gidan da na sauka akwai wani yaro ɗan shekara biyu da mura ta hana shi barci. Kakarsu ta ba yayansa kuɗi ta ce, "Maza je ka kemis ka sayo mini man zaitun." Yaro ya tafi yana wasa a hanya, ya dawo da 'yar ƙaramar kwalba. Tsohuwa ta zaunar da jikanta a cinya, ta ɗauko cokali. Babbar yayarsu, wadda ke aji biyu a babbar sakandare, tana gefe tana wanke-wanke. Ana buɗe murfin kwalbar ƙamshi ya bugi hancinta, ta yi wuf ta ce, "Iya, tsaya! Wannan ba zaitun ba ne." Ta karɓa ta karanta rubutun jikin kwalbar. Man zaiti ne, an kuma rubuta ƙarara cewa ba a sha. Ko yaron ne ya faɗi ba daidai ba, ko mai kemis ne bai ji da kyau ba, ban bi ba'asi ba. Abin da na sani shi ne cokalin da ke hannun tsohuwar nan ya isa ya kai yaron asibiti ranga-ranga.

Tun daga ranar na ƙudurta sai mun tattauna wannan mai a nan, saboda ku ne ake aika sayowa, ku ne kuke goyon ƙanne, a gidaje da yawa kuma ku kaɗai ne za ku iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Sunayen biyu sun yi kama ne saboda tushensu ɗaya a Larabci, inda zait ke nufin mai. Amma iyakar dangantakarsu ke nan. Man zaitun abinci ne, ana matso shi daga 'ya'yan itacen zaitun kamar yadda ake matso man gyaɗa, ana girki da shi. Man zaiti kuwa daga ganyen bishiyar turare ake samun sa, wadda Turawa ke kira yukaliftus. Kun san ta: doguwar bishiyar nan mai santsin jiki da ɓawonta ke saɓulewa, mai siraran ganye, da ake gani a harabar makarantu da bakin titi da gandun daji, ake kuma sare ta don azara da turakun rumfa. Ku tsinki ganye ɗaya ku murje a tafin hannu, ƙamshin da za ku ji shi ne wanda ke cikin Robb da sauran man shafawar mura.

Baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalinta Ostireliya, inda take da iri sama da 700. Wadda aka fi shukawa a Arewa, a can gida bakin koguna take fitowa, shi ya sa take da shan ruwa. An yi amfani da ita sosai wajen dasa jerin itatuwan kare iska a arewacin Jihar Kano, irin na wajen Dambatta, kuma manoman da gonakinsu ke maƙwabtaka da ita sun san yadda saiwarta ke ƙwace wa gero laima. Likitocin jiragen ruwan da suka kai Turawan Ingila Ostireliya sun tatsi man ganyenta tun 1788, sannan wani mai haɗa magunguna, Joseph Bosisto, ya mai da abin sana'a a 1852. A yau ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya.

To, yaya ake fitar da mai daga ganye? 'Yan Kura ba za su sha wuyar gane wannan ba. Ku tuna yadda ake turara shinkafa shanshera: ruwa a ƙasan tukunya, wuta a ƙarƙashi, tururi yana ratsa shinkafar yana fita ta sama. Haka ake yi wa ganyen turare, sai dai ba a barin tururin ya tsere. Ana tara shi a bututu, a bi da bututun ta cikin ruwan sanyi, tururi ya koma ruwa ya ɗiga a mazubi. Man da tururin ya kwaso daga ganye sai ya taso sama, tunda ba ya haɗuwa da ruwa, a kwashe shi. 'Yan ajin kimiyya sun san wannan a darasin kemistiri da sunan distileshan.

Ga wurin da nake so ku tsaya ku yi lissafi. Kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da fiye da lita ɗaya zuwa biyu na mai. Cokalin shayi ɗaya mililita 5 ne. Ke nan a cikin cokali ɗaya an tattara ƙarfin ganyen da ya kai rubu'in kilo zuwa rabin kilo, wato ganyen da zai cika leda babba. Babu mahaukacin da zai zaunar da yaro ya ce sai ya cinye wannan ganye, amma da yake an mai da shi ruwa garai-garai a kwalba mai kyau, sai a ga kamar ba komai. Ina yawan jin ana cewa, "Ai daga itace ne, ba shi da illa." Zaƙami ma ai daga itace ne. Wata dabba a Ostireliya mai suna kowala ganyen turare ne abincinta, amma ita hantarta an yi ta ne don narkar da gubar da ke cikinsa. Tamu ba haka take ba.

Sinadarin da ya fi yawa a man shi ake kira siniyol, kuma a mai na magani yakan kai kashi 70 cikin 100 ko fiye. Shi ne mai ƙamshin, shi ne mai amfanin, shi ne kuma mai illar.

Bari mu fara da amfanin, kada ku ce na zo ɓata sunan mai ne kawai. A cikin hanci akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne jin sanyi. Idan ka shaƙi siniyol ko mentol, sai su taɓa waɗannan jijiyoyi, su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa iska mai sanyi tana wucewa. Nan take sai ka ji hanci ya buɗe. A farkon shekarun 1980 wani masani, Ronald Eccles, da abokan aikinsa a Kadif ta Birtaniya suka auna iskar da ke wucewa ta hancin mutane kafin su shaƙi zaiti da kafur da mentol, da kuma bayan sun shaƙa. Mutanen suka ce sun ji hanci ya buɗe, na'ura kuma ta nuna ƙofar hancin tana nan yadda take. Wato man yana lallashin ƙwaƙwalwa ne. Ni ban raina wannan ba. Wanda ya taɓa kwana yana numfashi ta baki, maƙogwaro ya bushe ƙamas, ya san darajar samun barci. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2010, an gwada man shafawa mai zaiti da kafur da mentol a ƙirjin yara 138 masu shekara 2 zuwa 11, iyayen waɗanda aka shafa wa suka ce tari ya ragu kuma an yi barci. Sai dai kamfanin da ke yin man ne ya biya kuɗin binciken, wasu yaran kuma sun yi kukan zafin fata da ido. Ku riƙa tambayar wa ya biya kuɗin bincike, ɗabi'a ce mai kyau ga ɗalibin kimiyya.

Abin da man ba ya yi shi ne kashe mura. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma jiki ne ke yaƙarta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ko an shaƙi zaiti ko ba a shaƙa ba.

Yanzu ga maganar sha. Wani likita mai suna James Tibballs ya bi bayanan yara 109 da aka kai asibitin yara na Melbon saboda sun sha man zaiti, ya buga sakamakon a 1995. Fiye da rabinsu sun nuna alamun guba. Ya gano cewa mililita 2 zuwa 3, wato rabin cokalin shayi, yana sa yaro ya fara layi da gyangyaɗi, daga mililita 5 kuwa ana iya samun suma mai nauyi. An kuma taɓa samun manya da suka rasa ransu bayan shan abin da bai wuce cokali ɗaya ba. Alamun sukan fara da zafin baki da maƙogwaro, amai, jiri, tafiya kamar mai maye, sai barcin da ba a iya tashin mutum daga cikinsa, wani lokaci da jijjiga. Suna iya bayyana cikin minti goma zuwa talatin, suna kuma iya jinkirtawa har awa huɗu. Saboda haka ganin yaro yana wasa bayan ya sha ba hujja ba ce ta cewa ya tsira.

Na san a ɗakunan kwanan ɗalibai akwai masu ɗiga shi a ruwan shayi ko a kan sukari wai maganin tari, akwai kuma masu ɗiga shi kai tsaye cikin hanci. Don Allah ku bari. Wanda ke cikin alewar tari da maganin kurkurar baki ɗan mitsitsi ne da aka auna a masana'anta, ba a kwatanta shi da tsantsar da ke cikin kwalba.

Sai sirace, wanda shi ne ya fi kusa da mu. Iyayenmu sun daɗe suna tafasa ganyen turare, wani lokaci da na darbejiya da lemon tsami, a lulluɓa da bargo a shaƙi tururin. A shekarar 2020, lokacin korona, gidaje da yawa sun koma yin sa. Tururi mai ɗumi yana iya sa babba ya ji daɗin hancinsa na ɗan lokaci, ko da yake masanan da suka tattara binciken da aka yi a kai ba su ga wata shaida mai ƙarfi cewa yana rage kwanakin mura ba. Matsalata da sirace ita ce tukunyar. A waccan shekara ta 2020 likitocin sashen ƙuna na asibitin yara na Bamingam a Ingila sun ba da rahoton cewa yaran da ake kawowa da ƙunar ruwan sirace sun ninka sau 30. Ku hango abin da kanku: yaro a ƙarƙashin bargo, duhu, zafi, ido yana yaji, tafasasshen ruwa a tsakanin cinyoyinsa. Motsi ɗaya zai yi. Garin neman gira a rasa ido, mura ta kwana bakwai ta koma tabon har abada. Ƙaramin yaro ba a yi masa sirace da tafasasshen ruwa, ko da ganye ko babu.

Ga babba ma, ganye daban, tsantsar mai daban. Idan aka tuttula man a ruwan zafi, duk yana tashi lokaci guda, mutum kuma yana rufe cikin bargo yana zuƙa. A 2017 likitocin ƙwaƙwalwa a Bangalor ta Indiya, ƙarƙashin Thomas Mathew, sun buga bayanin mutum 10 da suka faɗi suna jijjiga bayan amfani da man zaiti. Takwas daga cikinsu sirace suka yi da shi, ɗaya ya ɗiga a hanci, ɗaya kuma tausa aka yi masa da shi. Mafi yawansu ba su taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwarsu. Wannan ba ya faruwa ga kowa, amma duk mai farfaɗiya, da duk yaron da ya taɓa jijjiga saboda zazzaɓi, a nisanta su da man nan gaba ɗaya. A wajenmu idan haka ta faru sai a ce iska ce ta taɓa shi, ba wanda zai tuna da 'yar kwalbar da ke kan taga. Masu asma su ma su yi hattara, ƙamshi mai ƙarfi yana tayar wa wasunsu da ciwon.

Inda na fi jin tsoro shi ne jarirai. A gidajen suna na sha ganin ana ɗiga zaiti a ruwan wankan jariri, a hularsa, a kan pilonsa, ko a goga masa man zafi a ƙofar hanci wai kada sanyi ya kama shi. Ƙauna ce ta sa, ba mugunta ba. Amma maƙogwaron jariri siriri ne, bai fi ɗan ƙaramin yatsansa kauri ba, kuma ƙamshi mai kaifi yana iya sa ya shaƙe ya rufe. Saboda haka ne hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a yi wa yaron da bai kai wata 30 ba amfani da man zaiti. Ko a kwalbar Vicks an rubuta ba na yaron da bai kai shekara 2 ba ne, ba a sa shi cikin hanci, ba a kuma zuba shi a ruwan zafi.

Akwai ƙarin dalili da ya shafe mu musamman. Yara da yawa a ƙasar nan, galibi maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci na kiran sa G6PD. Ba a ganewa da ido. Irin wannan jariri idan ya haɗu da wasu sinadarai, jininsa yana fashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, tana kuma iya taɓa ƙwaƙwalwa. Farin kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kaya shi ne kan gaba. A 1980 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, da wani abokin aikinsa sun nuna a Legas cewa jariran da aka barbaɗa wa hoda mai mentol a cibiya sun fi kamuwa da wannan shawara. Man shafawar mura kuwa kusan duka haɗin zaiti ne da mentol da kafur. Cibiyar jariri tana da nata maganin da ake bayarwa a asibiti, mai suna kulohekzidin. Idan yayarku ko matar yayanku ta haihu, ku tuna mata. In kuma kun ga idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya, asibiti za a nufa a ranar, ba shanya shi a hantsi ba.

Na san faɗa wa manya irin wannan magana ba sauƙi. Ba za ka tsaya a gaban kakarka ka ce ba ta iya reno ba, ita da ta reni ubanka. Yarinyar da na ba ku labari ba ta yi wa'azi ba. Ta durƙusa ta ce, "Iya, masu man ne da kansu suka rubuta a nan, bari in karanta miki." Ta fassara mata layi-layi. Tsohuwa ta yi salati, ta ce a ɗora kwalbar can saman kwaba. Idan magana ta fi ƙarfinku, ku kai ta wajen mahaifiya ko mahaifi, ko ku ce a tambayi ma'aikaciyar asibiti ranar awo ko ranar rigakafi.

Yanzu an shigo da wani sabon yayi, na'urar lantarki da ake zuba wa ruwa da ɗigon mai tana fitar da hazo mai ƙamshi, har da fitila mai canza launi. Ana ganinta a ɗakunan amare, kusa da kaskon turaren wuta. Ba laifi ba ne a ɗakin manya, in an ɗiga kaɗan, aka kunna na ɗan lokaci, taga a buɗe. Amma ku ji wannan: wani bincike a Ostireliya a 1997 ya bi diddigin yadda ƙananan yara suke kai wa ga man zaiti har su sha, sai aka ga kusan uku cikin huɗu daga irin na'urar tururin ɗaki suka sha, wadda galibi a ƙasa ake ajiye ta. Mai rarrafe ba ya buƙatar buɗe murfin kwalba, an riga an zuba masa a kwano mai walƙiya.

Kasko kuwa, kada a kuskura a tsiyaya masa man zaiti. Man nan yana kama wuta, tururinsa yana iya kamawa tun zafinsa bai kai digiri 50 ba. A lokacin da komai ya bushe, ga labule, ga katifar soso, ga gidan sauro, ba sai na faɗa muku sauran ba. Garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana da nasa kisan: yana fitar da wata iska marar launi marar wari da ke sa mutum barcin da ba a tashi, kuma ƙamshin turare ba ya kore ta.

Wani zai ce, to sauro fa? Tambaya ce mai kyau, domin a yankin da ruwa ke kwance a gonakin shinkafa da ƙananan magudanai rani da damina, sauro ba ya tafiya hutu. Akwai wani tsohon labari a kan wannan. A da Turawa sun ɗauka mummunar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro, kalmar maleriya ma a harshen Italiya ma'anarta ke nan, mummunar iska. Wajen 1870 wasu masu ibada a wani wuri mai suna Tre Fontane, kusa da birnin Rum, suka dasa dubban bishiyoyin turare da tunanin ƙamshinsu zai tsarkake iskar. Har aka yi wa bishiyar laƙabi da itacen zazzaɓi. Inda ta taimaka, ba da ƙamshi ta taimaka ba, shan ruwanta ne ya busar da kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Akwai wani dangin bishiyar mai ƙamshin lemon tsami da ake sarrafa mansa a masana'anta a yi maganin shafawa na korar sauro, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince da shi tun 2005. Amma wannan wani abu ne daban da kwalbar zaitin kemis. Ita ƙamshinta yana bin iska nan da nan, sauron zazzaɓi kuma tsakar dare yake cizo. Gidan sauro mai magani ba shi da madadi.

Idan tsautsayi ya afka, yaro ya sha, me za ku yi? Abin da aka saba shi ne a ɗura masa manja ko madara, ko a zura masa yatsa ya yi amai. Duka kuskure ne. Man zaiti siriri ne kamar kananzir, idan ya dawo da amai yana iya zarcewa cikin huhu ya ƙone shi, wannan kuma ya fi zamansa a ciki haɗari. Yaron da ke gyangyaɗi in aka ɗura masa wani abu, shaƙewa zai yi. Ku goge masa baki, ku kira babba, a nemi babur ko mota a tafi asibiti mafi kusa nan take, ko Babban Asibitin Kura ne ko wanda ya fi kusa da ku, ba tare da jiran alama ba. Ku tafi da kwalbar, ku kuma lura da yawan abin da ya ragu a ciki da lokacin da ya sha, likita zai tambaya. In ya fita hayyacinsa a kwantar da shi a gefensa. In yana jijjiga kada a tura masa cokali a baki, kada a danne shi. In a ido man ya shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15.

Ku kuma da kuka girma, in mura ta toshe muku hanci, ɗigo ɗaya ko biyu a hankici ya wadatar, a riƙe shi nesa kaɗan da hanci a shaƙa. In shafawa za a yi a ƙirji, ɗigo ɗaya ko biyu a cikin cokalin shayi na man kaɗe ko man kwakwa, a fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, kada a kai shi fuska ko kan rauni, a wanke hannu kafin a ɗauki ƙaramin yaro. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ku sayi wanda aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, kada kuma ku juye shi a tsohuwar kwalbar maganin tari ko robar lemo. Wannan ɗabi'a ta juye-juye ta yi mana yawa, musamman a gidajen manoma inda maganin feshin tumatir da fiya-fiya suke zaune a robobin da yaro ya san na abin sha ne.

Ga ƙanne kuma, abin da ke taimaka musu a mura ba shi da ƙamshi ko kaɗan: ruwa da abinci mai ɗumi, nono ga mai shan nono, ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis, da ɗan zuma ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Ku koyi ƙirga numfashi. Yaro yana kwance shiru, ku ɗaga rigarsa, ku ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya tashi a minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50 ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi shan nono, ko jiki ya yi zafi rau, to abin ya wuce mura. Yana iya zama limoniya ko zazzaɓin cizon sauro, kuma kowane dare da aka ɓata ana shafa mai, ciwon gaba yake yi.

Aikin gida na wannan mako: ku duba kan taga da ƙarƙashin pilo da cikin kwallar Umma, ku tattaro duk kwalbar man mura da ke gidan, ku karanta abin da aka haɗa ta da shi da shekarun da aka yarda a yi amfani da ita, sannan ku mai da su inda mai rarrafe ba zai kai ba. Ku rubuto mini abin da kuka gani, da sunan da ake kiran bishiyar a garinku, domin na ji wasu na cewa turare, wasu zaiti, ina kuma zaton akwai wasu sunayen. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga gonar tumatir mu duba robobin maganin feshi.